Jera duwatsu da zuba kifayen siklid a akwatin gilashi: jagora ga mai kiwo a Damagaram

Karfasar da ake soyawa a bakin kasuwa da ƙananan kifayen nan shuɗɗa da masu ruwan ɗorawa da ake gani cikin akwatin gilashi, dangi ɗaya ne, dangin siklid. Halinsu ma ɗaya ne. Namiji yakan kama wuri ya ce nasa ne, ya tone ƙasa, ya kori duk wanda ya matso, mace kuma ta ɗauki ƙwai a baki har ya ƙyanƙyashe. Masu launin dai daga manyan tabkunan gabashin Afirka suka fito, wato Malawi da Tanganyika da Biktoriya. Tabkin Malawi kaɗai, wanda ke tsakanin Malawi da Mozambik da Tanzaniya, yana da ɗaruruwan ire-irensu da ba a samu ko'ina a duniya sai can, har UNESCO ta sa gandun da ke kudancinsa cikin wuraren gadon duniya a 1984.

A cikinsu, waɗanda suka fi yawa a hannun masu sayarwa su ne mbuna, kifayen da ke rayuwa a gaɓar tabkin inda duwatsu suka taru, suna kankarar gansakukar da ta fito a jikin dutse. A kansu zan fi tsayawa. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne kifin ne abu na ƙarshe da za ka saya. Zaman lafiyarsu yana ga yadda ka jera dutse, rayuwarsu kuma tana ga shirin da ka yi wa zafi da ɗauke wuta da ƙarancin ruwa. Ta fannin dutse Allah ya hore mana, don garin nan a kan dutse yake zaune. Sauran ukun ne ke buƙatar dabara.

Akwati da mazauninsa

Tsawon akwati ya fi tsayinsa amfani, domin a ƙasa suke raba wuri. Kada ya gaza santimita 120 a tsawo. Mai tsawo 120, faɗi 40, tsayi 50 yana cin lita 240, kuma da shi zan riƙa misali. Idan mai yankan gilashi ne zai haɗa maka, ka ce masa gilashi mai kaurin milimita 10, da maɗauri na gilashi a sama don kada gefen ya buɗe. Silikon ɗin da zai liƙe da shi ya zama wanda ba a sa wa maganin fumfuna ba. Wanda ake sayarwa don banɗaki guba ne ga kifi. A bar shi mako guda ya bushe, sannan a cika shi da ruwa a tsakar gida, a wuri mai daidai, a ga kwana biyu ko uku ko zai yi yoyo.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ka haɗa da gilashi da yashi da dutse, za ka haura kilo 300. Teburin ɗaki ba zai ɗauka ba. Ka sa mai walda ya yi maka mazauni na ƙarfe, ko a gina dakali na siminti, a tabbata bai karkace ba, a shimfiɗa farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji tsakanin gilashin da mazaunin.

Ɗakin da ya fi sanyi a gidan shi ne nasu. Ginin ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin kwano nesa ba kusa ba. Nesa da taga, nesa da bangon da rana ke duka da la'asar.

Zaɓen dutse

Duwatsun nan da suka kewaye Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, waɗanda kuma ake fasawa a bayan gari don gini, garanit ne. Ba ya narkewa, ba ya sauya ruwa, kuma kamanninsa sun yi kusa da na gaɓar tabkin Malawi. Kada ka je ka kwasa a wuraren tarihi ko a filin wani. Ka je wurin masu fasa dutse ka yi ciniki, ka zaɓa da hannunka. Wanda ya daɗe a fili, iska da ruwa suka cinye masa kaifi, ya fi sabon fashe. Idan sabon ne kawai ka samu, ka goge bakinsa a kan wani dutse har ka iya shafawa da tafin hannu bai yanke ka ba, saboda kifin da aka koro da gudu yake faɗawa rami, kaifi kuma yakan yage masa jiki ko ido. Ka riƙa juya dutse da sanda kafin ka sa hannu, kunama na son ƙarƙashinsa.

Ka haɗa girma uku: manya biyar ko shida masu faffaɗan gindi, kowane kamar girman kan mutum, matsakaita kamar goma sha biyar, sai masu faɗi da za su yi rufi, da ƴan ƙanana na cike gurbi. Kilo 40 zuwa 60 bai yi yawa ba ga wannan akwatin. Ka tsaya a kan launi ɗaya. Dutse iri ɗaya shi ke fito da launin kifi, tarkacen launuka kuwa gasa suke yi da shi.

Marmara, jan dutsen nan mai ramuka, ka bar ta: ƙarfe ne a cikinta, kuma tana marmashewa ta rine ruwa. Haka duk dutsen da ke da jijiyar tsatsa ko ƙyalli irin na ƙarfe, da wanda fenti ko man inji ya taɓa, da wanda aka ɗauko daga bola ko gonar da ake feshi. Idan kana shakka, ka ɗiga masa binegar. Wanda ya yi kumfa dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza. Ga wasu kifayen matsala ne, amma ga siklid na tabkunan nan alheri ne, don yana ƙara wa ruwa irin sinadarin da suke so.

Wanki da buroshi mai ƙarfi da ruwa zalla. Ba sabulu, ba omo. Ka kwarara musu ruwan zafi, ka shanya a rana kwana biyu. Kada ka dafa dutse a tukunya ko ka sa shi a wuta, yana iya fashewa.

Yashi kuma na gini mai ɗan kauri, wanda ake ɗebowa a ƙorama. Ka tankaɗe shi, ka wanke a bokiti kaɗan-kaɗan har ruwan ya fita fes. Rairayin tudu mai laushi kamar gari yana tashi ya toshe matata, wato na'urar da ke tace ruwan akwatin. Kilo 20 zuwa 25 ya isa.

Jerin kansa

A nan aikin yake, kuma a nan ake gaggawa a yi asara. Kafin dutse ɗaya ya shiga gilashi, ka zana 120 da 40 da alli a kan daɓe, ka gwada jerin a ciki. Ka rushe, ka sake, har ya kwanta maka a rai, sannan ka ɗauki hoto da waya.

Dutse ke fara shiga, yashi ya biyo baya. Wannan ƙa'ida ba ta da sassauci. Mbuna matona ne, da baki suke kwasar yashi su tofar gefe, kuma gindin dutse suka fi so. Idan dutsen a kan yashi yake zaune, wata rana za su rarake ƙarƙashinsa, tsibin ya zame ya danne kifi ko ya fasa gilashi cikin dare. Ka shimfiɗa farantin roba mai kauri a gindin akwatin inda tsibi zai zauna, don kada tsinin dutse ya taɓa gilashi kai tsaye. Manyan su zauna a kai, faffaɗan gefen a ƙasa. Duk dutsen da za ka ɗora a sama ya dafa wuri uku, ka kuma tura shi da yatsa ta kowane gefe. Idan ya yi rawa, jerin bai yi ba. Kada dutse ya jingina da gilashi. Ka bar tazarar da hannunka zai shiga yin goge, don inda hannu ba ya kaiwa nan ƙazanta ke taruwa, nan kuma mataccen kifi ke maƙalewa ba ka sani ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a gina katanga ɗaya miƙaƙƙiya a bayan akwati. Namiji mafi ƙarfi zai tsaya a tsakiya yana hango ta daga wannan kai zuwa wancan, ya ce duka tasa ce. Ka yi tsibi biyu ko uku, ɗaya babba da ya kai kashi biyu cikin uku na tsayin ruwa, ɗaya matsakaici, da fili na yashi a tsakaninsu, da wani dogon dutse a tsaye da zai tare gani. Misalinsa gidan haya ne: idan kowa na da ɗan shingen da ya kare ƙofarsa ana zama lafiya, idan kuwa kowa na kallon cikin ɗakin kowa fitina ba ta ƙarewa. Namijin siklid abin da ya gani yake kora, wanda ya ɓace masa da gani ya manta da shi. Saboda haka idan ka gama, ka durƙusa ka leƙa ta gajeren gefen akwatin. Idan kana hango ɗaya gefen sarai, ka ƙara dutse a hanya.

Ramuka su fi kifaye yawa, kuma yawancinsu su zama masu ƙofa biyu. Rami mai ƙofa ɗaya tarko ne ga macen da namiji ya matsa wa. Ka bambanta girmansu: wasu da babban namiji zai shiga ya juya, wasu matsattsu da mace ko ƙaramin kifi kaɗai zai iya kutsawa. A wani lungu ka tara ƴan duwatsu masu girman ƙwan kaza. Nan ƴaƴan kifi za su tsira idan an fara haihuwa.

Na saman da kake jin tsoronsu kana iya liƙe su da silikon suna bushe, ka ba su kwana biyu. Amma kada ka liƙe tsibin duka ya zama dunƙule ɗaya, don ranar da za ka kama kifi ɗaya a cikin mbuna sai ka fitar da dutsen kusan duka.

Bayan nan ka zuba yashi a kewaye, kaurin santimita 3 zuwa 4. Ka ajiye faranti a kai ka tsiyaya ruwa a hankali. Shuke-shuke ba dole ba ne, mafi yawansu tumɓuke su za su yi ko su cinye. Gansakukar da za ta rufe saman dutse daga baya kada ka kankare ta, abincinsu ce. Gilashin gaba kawai za ka riƙa gogewa.

Ruwa, iska da wuta

Suna son ruwa mai pH (ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa) tsakanin 7.8 da 8.6, da zafi tsakanin digiri 24 da 28. Ka nemi kayan awon pH da amoniya da nitrit da nitrat tun kafin kifi; ukun na ƙarshe sinadarai ne da kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci ke haifarwa a ruwa. Suna da muhimmanci fiye da fitila mai kyau. Ka auna ruwan gidanku bayan ya kwana a bokiti. Idan ya kai 7.5 ko ya wuce, ka bar shi haka, ruwan da ba ya sauyawa ya fi wanda ake ta yi wa gyara. Idan ya gaza, tunda garanit ba ya ƙara komai, ka sa gutsattsarin dutsen farar ƙasa ko dakakken ɓawon katantanwa a cikin matata, ko bikarbonat na farmasi, kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya ga lita 20, a narka shi a ruwan canji, a riƙa aunawa. Na san hankalin mutumin ƙasar nan zai tafi ga kanwa. Kada ka sa. Ƙarfinta ya bambanta daga wannan dunƙule zuwa wancan, tana ɗauke da wasu gishirai da ƙasa, kuma tana iya cilla pH sama cikin sa'a guda.

Ruwan famfo akwai maganin jabel a ciki. Ka tara shi a tano mai tsabta, buɗe, ya yi kwana biyu, ko ka sa maganin kashe jabel da masu kayan kifi ke sayarwa. Tanon nan shi ne kuma ajiyarka lokacin rani idan famfo ya ƙafe. Bidon da ya taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari kada ya kusanci wannan aikin.

A kan matata ina da ra'ayi mai ƙarfi. Manyan matatun da ke zama a waje cikin rufaffen gwangwani suna aiki sosai inda wuta ba ta yankewa. Idan aka ɗauke wuta sa'o'i, bakteriya mai amfani da ke ciki, wadda ke tsabtace ruwan, takan mutu don rashin iska, wuta na dawowa injin ya turo ruɓaɓɓen ruwa cikin akwati. A nan garin, manyan matatun soso guda biyu da ke zama cikin ruwa, waɗanda famfon iska ke tafiyar da su, sun fi aminci. Famfon iska wat kaɗan yake ci, ƙaramin batir da farantin sola sun riƙe shi dare da rana. Idan kana da hali ka ƙara matata mai inji a ciki don ta motsa ruwa, amma iskar batir ita ce tushe.

Watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a waje, su ne jarrabawar. Ruwa mai zafi iskarsa kaɗan ce, kuma idan ya daɗe sama da digiri 30 kifi kan fara haki a saman ruwa. Ka cire murfi ka sa raga a madadinsa, don suna tsalle. Ka saita ƙaramar fanka tana busa saman ruwan. Da busasshiyar iskarmu tana sauke digiri biyu ko uku. Ka kashe fitila da rana, ka rage abinci, ka riƙa cike abin da ya ƙafe kullum. Idan abin ya tsananta, ka jefa rufaffiyar gorar ƙanƙara ta yi yawo a sama, kada ka zuba ƙanƙarar kanta. A Disamba da Janairu kuma sanyin dare na iya sauke ruwan ƙasa da 22, sai a sa abin ɗumama ruwa mai wat 200 a saita shi a 25, a mayar da murfi saboda ƙurar hunturu.

Maganin sauro na fesawa yana kashe kifi ko da kaɗan ne ya sauka a ruwa. Ka gaya wa kowa a gidan. Idan dole sai an fesa, a rufe akwatin ruf da leda, a kashe famfon iska na ɗan lokaci, a buɗe tagogi kafin a kunna.

Yanzu sai haƙuri. Akwatin zai yi mako huɗu zuwa shida yana aiki ba kifi. Kullum ka jefa ɗan tsunkulin abincin kifi ya ruɓe; bakteriya za ta tsiro a soso da jikin dutse ta riƙa mayar da amoniya nitrit, nitrit kuma nitrat. Sai ranar da amoniya da nitrit suka nuna sifili kana ci gaba da jefa abincin, sannan akwatin ya shirya karɓar kifi. Amoniya ta fi dafi a ruwa mai pH sama, ta ƙara dafi da zafi, wato daidai irin ruwanmu. Idan ka san wani mai tsohon akwati mai lafiya, ka roƙi guntun sosonsa a jiƙe, zai rage maka jira.

Wane kifi, guda nawa

Ga mai farawa, iri uku ne na fi amincewa da su: Labidochromis caeruleus, mai ruwan ɗorawa da baƙin layi a ƙayar baya, wanda ya fi kowa sanyin hali, Iodotropheus sprengerae mai launin tsatsa da shunayya, da wanda ake sayarwa da sunan acei, shuɗi mai rawayar wutsiya, da ke son yawo a saman ruwa. Kowane iri namiji ɗaya da mata uku ko huɗu. Namiji ɗaya da mace ɗaya hanyar kashe macen ce, don ba ya barin ta ta huta.

Wata hanyar mai kyau ita ce iri ɗaya tak, saulosi: maza shuɗɗa masu baƙaƙen zane, mata ruwan ɗorawa, kuma ba sa wuce santimita 9. Ka samu launi biyu ba tare da gauraya jini ba. Kada ka haɗa ire-iren da suka yi kama da juna, maza za su ɗauki juna kishiyoyi, kuma za su haifi barbarar da ba wanda zai so. Melanochromis auratus da wanda ake kira kenyi suna da kyau suna ƙanana, suna da arha, amma idan sun girma sukan gama da maƙwabta. Aulonocara masu ƙyalli sun fi mbuna laushi kuma abincinsu daban, su yi nasu akwatin. Karfasa ko tarwaɗar tabki ba sa shiga: suna girma fiye da wurin, suna kuma shigo da cuta.

Za ka ji masu kiwo na wasu ƙasashe suna cewa a cika akwati maƙil da kifi don faɗa ya rarrabu. Gaskiya ne yana aiki, amma da wutar da ba ta yankewa da ɗaki mai sanyi. Kifi ashirin a lita 240, ranar zafi, wuta ta tafi, sa'o'i kaɗan ne tsakaninsu da mutuwa. Goma sha biyu zuwa sha biyar nake ba da shawara, dutse ya yi sauran aikin.

Wanda ba shi da wuri ko ruwan babban akwati, akwai Neolamprologus multifasciatus na Tanganyika, ƴan mitsi-mitsi da ba sa wuce santimita 5, masu zama cikin ɓawon katantanwa. Lita 60, yashi, da ɓawo biyu ko uku ga kowane kifi sun ishe su. Ba a haɗa su da mbuna.

Ka sayi ƙanana masu santimita 3 zuwa 5, shida ko bakwai na kowane iri, tunda a wannan girman ba a cika bambance mace da namiji ba. Rarar mazan ka fitar da su idan sun bayyana. Idan daga Kano ko Yamai za a kawo maka, a hana su abinci kwana ɗaya kafin tafiya, a ɗaure su a leda mai iskar oksijin, kashi ɗaya ruwa kashi biyu iska, cikin kula, wato akwatin nan mai riƙe sanyi, kuma tafiyar ta zama ta dare ko ta lokacin sanyi. Da sun iso ka kashe fitila, ledar ta yi minti 20 tana yawo a saman ruwa, ka riƙa ƙara mata ruwan akwati kaɗan-kaɗan na wani rabin sa'a, sannan ka kwashe kifin da raga. Ruwan ledar a zubar. Masu sanyin hali su fara shiga, sauran bayan mako biyu. Duk lokacin da za ka ƙara sabo cikin tsofaffi, ka sauya wa wasu duwatsun sama wuri, don kowa ya shagala da neman sabon gida.

Ci da kulawa

Hanjin mbuna dogo ne, na cin ganye. Abincin tarwaɗa da ake samu cikin sauƙi a kasuwa ya yi musu nauyi da maiƙo, kuma irinsa na cikin abubuwan da ke jawo kumburin cikin da ke kashe su: kifi ya daina ci, kashinsa ya zama fari kamar zare, ciki ya kumbura. Ka nemi abinci mai sifirulina, gansakukar nan da matan Kanembu ke kwasa a tabkunan yankin Cadi suna busarwa. Ka ƙara da ganyen salati ko alayyafo da aka tsoma a ruwan zafi, ko yankan kokwamba, a cire ragowar kafin dare. Sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Kullum za su nuna maka yunwa suke ji, kada ka biye musu.

Kowane mako ka canza lita 60 zuwa 75, wato bido uku, kana zuƙe ƙazantar da ke tsakanin duwatsu da tiyo. Nitrat kada ya wuce miligiram 40 a lita. Tsohon ruwan taki ne, a ba zogale ko bishiyar tsakar gida. Soso a matse shi cikin wannan tsohon ruwan, ba a ƙarƙashin famfo ba, kuma ɗaya a wannan mako, ɗayan a mako na gaba.

Kifin da ka ga ya maƙale a kusurwar sama, launinsa ya dushe, wutsiya a yage, an kore shi daga ko'ina ne. Ka fitar da shi ranar zuwa wani ƙaramin akwati mai iska, sannan ka duba jerin dutsenka ka ƙara shinge. Macen da ta daina ci, maƙogwaronta ya kumbura, tana ta motsa baki, ba ciwo take ba, ƙwai ta ɗauka. Kimanin mako uku za ta yi a haka kafin ta saki ƴaƴan. Idan kana son su rayu da yawa, ka mayar da ita ƙaramin akwati a mako na uku, ka bar ta ta sake su da kanta, ka ciyar da ita kwanaki ta murmure kafin ta koma. Ƴaƴan suna cin abincin manya da aka murtsuke ya zama gari tun ranar farko, kuma sai sun kai santimita 3 za su iya shiga cikin manya.